Yadda Ake Tsara Karatu da Rubuta Maƙalar Ilimi da Zotero da Google Scholar

Idan ƙarshen zangon karatu ya gabato, shagunan kwamfuta da ke kewayen Jami'ar Jos, daga Bauchi Road zuwa Angwan Rogo, kan cika da ɗalibai masu neman a haɗa musu manazarta a dare guda. Wayar kowa cike take da maƙalun da ya sauke, amma ka tambaye shi a wacce ya ga wata magana, kuma a wane shafi, sai ya fara kame-kame. Na daɗe ina zama da ɗalibai muna warware irin wannan, kuma hanyar da zan bayyana ita nake bi a nawa rubutun. Ginshiƙinta guda ne: duk abin da ka karanta, a ranar za ka rubuta fahimtarka da kalmominka, haɗe da lambar shafi, a wuri ɗaya. Aikin manhaja shi ne ta riƙe maka wannan wurin.

Domin bayani ya zauna, a ce an ba ka maƙala a kan ramukan da haƙar kuza ta bari a Filato, waɗanda manoman rani ke jan ruwansu a wajejen Bukuru da Barikin Ladi.

Kayan aiki

Kwamfuta, ko da tsohuwa ce, in dai tana ɗaukar Word ko LibreOffice. Na biyun kyauta ne. WPS da mutane da yawa ke rubutu da shi ba ya cikin waɗanda Zotero ke haɗuwa da su kai tsaye, saboda haka ka ajiye shi gefe a wannan aikin.

Zotero, manhajar da ke tara maƙalu da littattafai da bayanansu. An fara fitar da ita a 2006 daga Jami'ar George Mason ta Amurka, kuma kyauta ce. Akwai Mendeley mallakar kamfanin Elsevier, ita ma tana wannan aikin, har ta fi ba da wurin ajiya na kyauta. Ni dai na fi son Zotero, saboda komai yana zaune a cikin kwamfutarka, ko babu data kana aiki.

Burauza irin Chrome ko Firefox, da adireshin imel da kake buɗewa a kai a kai.

Filash guda da ba ka yawo da shi shago-shago.

Takardar ƙa'idar rubutu ta sashenku. Kafin komai ka san salon madogara, wato yadda ake ambaton inda aka samo magana, da suke so: APA ne, MLA ne, ko Chicago, kuma bugu na nawa. APA na yanzu bugu na 7 ne, amma akwai malaman da har gobe na 6 suke bi.

Idan Hausa za ka rubuta, ka nemi allon rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ. A waya Gboard yana da Hausa, a kwamfuta kuma Keyman.

Wanda ba shi da kwamfuta kada ya karaya. Ka buɗe asusu a zotero.org ta waya, ka riƙa tara maƙalunka a can, sai ranar rubutu ka ari kwamfuta ko ka je ɗakin intanet na makaranta. Ga ɗan gajeren aikin aji kuwa, zbib.org ya isa: kana zuba masa lambar maƙala yana jera maka manazarta, ba sai da asusu ba.

1. Mayar da batun tambaya

"Ramukan kuza" batu ne, ba ya gaya maka abin da za ka karanta da abin da za ka bari. Ka matse shi ya zama tambayar da ake iya amsawa da e ko a'a ko "ya danganta": shin ruwan waɗannan ramuka ya dace da ban-ruwan kayan lambu? Ka rubuta tambayar a takarda ka liƙa inda kake gani. Daga nan ka fitar da kalmomin nema. Tunda galibin binciken da aka yi a wannan fanni da Ingilishi aka buga shi, kalmomin za su zama irin su tin mining, mine ponds, irrigation, heavy metals, Jos Plateau. Kowace kalma ka nemo mata 'yar'uwa, domin abin da wani marubuci ya kira ponds wani zai kira shi paddocks ko lakes.

2. Saka Zotero

Ka sauke ta daga zotero.org kaɗai. Idan data ta yi ƙaranci, karɓi fayil ɗin sakawa daga wurin aboki, yana shiga ba tare da intanet ba. A shafin saukewar akwai Zotero Connector, ɗan maɓallin da ke maƙalewa a burauza, shi ma ka saka. Buɗe Word ka duba ko sunan Zotero ya fito a jerin sama. Idan bai fito ba, rufe Word, shiga Settings na Zotero, ɓangaren Cite, ka sake saka shi daga nan.

Sannan ka buɗe asusu ka haɗa shi a ɓangaren Sync. Bayanan maƙalu da rubuce-rubucenka ana ajiye maka su kyauta ba iyaka, amma fayilolin PDF megabait 300 kawai ake ba ka. Idan ya cika ba abin da zai ɓace, sababbin fayiloli ne dai za su daina hawa.

A hagu ka ƙirƙiri folda mai sunan aikin. Kada ka yi ta yanka ta ƙanana tun yanzu, ba ka riga ka san yadda batun zai kasu ba.

3. Nema

Fara da Google Scholar. Kalmomin da kake so su zo a jere ka sa su cikin alamar zancen wani, kamar "Jos Plateau", sai ka ƙara irrigation a gefe. A hagu akwai wurin taƙaita shekaru. Amma amfanin Scholar na gaske yana ƙarƙashin kowane sakamako. Da zarar ka sami maƙala ɗaya da ta dace da tambayarka sosai, danna Cited by ka ga waɗanda suka kafa hujja da ita bayan fitowarta, sannan ka buɗe manazartarta ka ga waɗanda ita ta dogara da su. Wannan tafiya gaba da baya daga maƙala guda ta fi sake buga kalmomi sau ashirin. Sunan da ka ga yana ta dawowa, shi ne wanda ba za a yafe maka rashin karanta shi ba.

Idan maƙala ta nemi kuɗi, kada ka biya tukuna. Danna All versions, sau da yawa akwai kwafin kyauta a rumbun wata jami'a. Unpaywall ma ɗan maɓalli ne na burauza da ke nuna koren kwaɗon ƙofa idan akwai halastaccen kwafi a wani wuri. JSTOR, wani rumbun maƙalu, na barin mai asusun kyauta ya karanta wasu maƙalu kowane wata a kan allo. In duk sun ƙi, rubuta wa marubucin imel na ladabi, layi uku, ka faɗi sunanka da makarantarka da abin da kake bincike a kai. Masana da yawa suna turowa.

Batu irin namu na gida ne, don haka Scholar kaɗai ba zai wadatar ba. Ka leƙa AJOL, dandalin mujallun Afirka da ke aiki tun 1998, da DOAJ na mujallun da ake karantawa kyauta, da PubMed idan tambayarka ta taɓa lafiya. Jami'ar Jos tana da rumbun intanet na kundaye da maƙalun malamanta, Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da nata mai suna Kubanni. Kuma ka taka da ƙafarka ka je wurin ma'aikatan ɗakin karatu, ka tambaye su rumbunan da makaranta ke da izinin shiga, irin su Hinari da AGORA da OARE na shirin Research4Life. Da ɗan gari akan ci gari, kuma abin takaici ne yadda ɗalibi kan gama shekara huɗu bai taɓa yi musu wannan tambayar ba.

Mai neman abu da Hausa ya nema sau biyu, da ƙugiya da kuma babu: ƙasa da kasa, ɗalibai da dalibai. Ba kowane rumbu ke ɗaukarsu abu ɗaya ba.

4. Tantancewa

Karanta tsakure da kammalawa kafin ka sauke komai. Idan ba su taɓa tambayarka ba, wuce. Ka kuma dubi mujallar kanta. Wadda ke alkawarin bugawa cikin kwana uku, ko take haɗa aikin likita da adabi da injiniyanci a fitowa ɗaya, ka yi hattara da ita.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT suna iya taimaka maka da kalmomin nema ko fayyace wata kalma mai wuya. Amma kada ka karɓi madogara daga bakinsu. Sukan haɗa sunan masani na gaske da take da shekara da mujalla, komai ya yi kyau, alhali babu wannan maƙalar a duniya. Duk abin da suka ba ka, nemo shi a Scholar ko ka gwada lambarsa a doi.org. Abin da idonka bai gani ba ba ya shiga aikinka.

5. Shigarwa da gyaran bayanai

Hanya uku ce. Idan kana kan shafin maƙala a mujallarta, danna maɓallin Connector. Ka fi yin haka daga shafin mujallar, domin bayanan da ake kwasowa daga jerin Scholar sukan zo da giɓi. Idan kana da lambar DOI (lambar shaidar maƙala) ko ISBN (ta littafi), danna alamar 'yar sanda da ke sama a Zotero ka zuba ta. Idan kuwa PDF ne da aka turo maka ta WhatsApp, ja shi ka jefa cikin Zotero, za ta yi ƙoƙarin gano shi da kanta.

Tsofaffin kundaye, da takardun taron ƙara wa juna sani, da fayilolin Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna, waɗannan da hannu za ka shigar. Zaɓi nau'in abin daidai, kundi ne ko babi a littafi ko rahoto, domin nau'in ne ke yanke yadda zai fito a manazarta. Idan hoton shafuka kake ɗauka da waya, fara da bangon da shafin da ke ɗauke da shekara da maɗaba'a, kuma ka tabbata lambar shafi ta fito a kowane hoto.

Yanzu ga inda mafi yawa ke sakaci. Zotero abin da aka ba ta take mayarwa, don haka kowane abu ya shigo ka ba shi minti ɗaya ka duba dama:

Sunaye. A sunayenmu manhaja ba ta san wanne ne na mutum, wanne ne na mahaifi, wanne ne na gari ba. Ka bi yadda marubucin ke sa sunansa a ayyukansa, kuma ka daidaita shi a duk inda ya fito. Idan ka bar shi iri biyu, za a ɗauke shi mutum biyu.

Sunan hukuma. National Bureau of Statistics idan ya shiga gida biyu, na sunan farko da na ƙarshe, zai fito a matsayin wani mutum mai suna Statistics. Kusa da sunan akwai wurin mayar da shi gida ɗaya.

Take. Wanda ya zo da manyan baƙaƙe duka, danna masa maɓallin dama ka zaɓi Sentence case, sannan ka mayar da babban baƙi a sunaye irin Jos da Plateau da Nigeria da hannunka.

Harshe. Aikin da aka rubuta da Hausa ka sa masa ha a gidan Language, don kada a yi wa takensa ƙa'idar manyan baƙaƙen Ingilishi.

Sai shekara da lambar kundin mujalla da fitowa da shafuka. Idan ka ga jan gargaɗi a kan wata maƙala, mujallar ce ta janye ta, kada ka kafa hujja da ita. Lokaci-lokaci ka leƙa Duplicate Items ka haɗe waɗanda suka shigo sau biyu. Haɗewa za ka yi, ba gogewa ba.

6. Karatu da rubuta bayani

Duk abin da ya gabata shiri ne, aikin a nan yake. Danna PDF sau biyu ya buɗe a cikin Zotero. Ka tsayar wa launuka ma'ana kada ka sauya: ni rawaya nake sa wa babbar hujjar marubuci, kore ga alƙaluma da hanyar bincike, ja ga abin da ban yarda da shi ba ko ya saɓa wa wani. Kada ka shafe rabin shafi da launi. Jimla biyu ko uku a shafi sun isa, in ma akwai.

Ka lura da lambar shafi. PDF na iya cewa shafi na 3, alhali a mujalla shafi na 147 ne. Na mujallar ake so. Idan Zotero ba ta gano shi ba, ana gyarawa a jikin alamar da ka yi.

Da ka gama, rufe PDF ɗin. Wannan rufewar da gangan ce, domin muddin idonka na kan jimlar marubuci, ita hannunka zai kwafa. Buɗe sabon bayani a ƙarƙashin maƙalar ka amsa abu huɗu da kalmominka: me ya ce ya gano, ta yaya ya gano, ina rauninsa, kuma me wannan ya yi wa tambayata. A misalinmu, "ta yaya" na nufin ramuka nawa ya ɗebi ruwansu, a ina, a wane wata, kuma ruwa kaɗai ya auna ko har da ƙasa da ganyen. Sannan ka sake buɗewa ka cike lambobin shafi, ka tabbata ba ka ɗora masa abin da bai faɗa ba.

Idan akwai jimlar da dole sai da lafazinsa, kwafe ta cikin alamar zancen wani nan take, da shafinta. Tunaninka kuma ka sa masa wata alama, ni nakan fara da "NI:". Yawancin satar fasahar da ake kama ɗalibai da ita ba da niyya suka yi ba. Wata biyu bayan karatu ne mutum ya ga jimla mai daɗi a littafinsa, ya ɗauka tasa ce.

Ina ba da shawarar ka rubuta wannan bayani da Hausa ko da maƙalar da Ingilishi za ta fito. Abin da ka iya faɗa da Hausa ka fahimce shi, kuma idan ka zo mayar da shi Ingilishi ginin jimlar naka ne.

A ƙarshe ka liƙa wa maƙalar lakabi biyu ko uku, kamar "ingancin ruwa", "lafiya", "tarihin kuza", "kuɗin shigar manoma". Maƙala biyu da aka yi wa haka a rana sun fi goma da aka sauke aka jibge.

7. Jadawali da tsari

Idan bayananka sun kai goma zuwa sha biyar, buɗe jadawali a Word ko Excel. Kowane layi maƙala guda, ginshiƙai kuma su ne shekara, wuri, hanya, sakamako, rauni. Karanta shi daga sama zuwa ƙasa, ginshiƙi-ginshiƙi. A nan za ka fara ganin abin da babu shi a kowace maƙala ita kaɗai. A ce biyu sun saɓa a kan ingancin ruwan, sai jadawali ya nuna ɗaya a Agusta ta ɗebi ruwa ana tsakiyar damina, ɗaya kuma a Fabrairu ruwa ya ja baya. Ka sami sakin layi ke nan, kuma naka ne.

Bitar ayyukan da suka gabata da ke tafiya "wane ya ce, wane ma ya ce" jeri ne kawai. Ka tsara ta bisa lakabobinka, kowane sashe ya buɗe da abin da kai ka gani, sannan marubuta su shigo a matsayin shaidu. Rubuta amsar tambayarka a jimla ɗaya, ka jera dalilai uku ko huɗu da ke riƙe da ita. Su ne kanun sassanka. Ka sa musu Heading 1 da Heading 2 a Word, ƙumshiya za ta haɗa kanta daga baya.

8. Rubutu da saka madogara

Bar gabatarwa sai ƙarshe. Fara da sashen da bayanansa suka fi yawa, kuma daga bayananka za ka rubuta, PDF a rufe. Zotero ta kasance a buɗe. Inda kake son madogara, danna Add/Edit Citation. Karon farko za ta tambaye ka salo, ka zaɓi na sashenku. Buga sunan marubuci, zaɓe shi, danna sunan ka sa shafi. Idan ka riga ka ambaci sunansa a cikin jimla, akwai wurin ɓoye shi shekara kaɗai ta fito a baka biyu. Ka sa madogarar a lokacin da kake rubuta jimlar, kada ka ce sai an gama.

A shafin ƙarshe danna Add/Edit Bibliography sau ɗaya. Daga nan duk wanda ka ambata zai shiga da kansa, wanda ka cire ya fita. Idan ka ga kuskure a manazarta, kada ka gyara shi a Word. Koma Zotero ka gyara, ka dawo ka danna Refresh.

A APA, zancen wani da ya kai kalma 40 ana ware shi a sakin layinsa ba tare da alamar zance ba. Idan ka yi hira da manoma, tambayi malamin da ke duba aikinka yadda sashenku ke son a nuna ta, domin APA ba ta sa hirar da ba a buga ba a manazarta, alhali sassa da yawa na harsuna da tarihi suna jera waɗanda aka yi hira da su.

Fayil ɗin kuma kada ka buɗe shi a WPS na waya ko Google Docs ka adana. Hakan na iya tsinke igiyar da ke tsakanin madogara da Zotero, su koma rubutu zalla. Idan a Google Docs kake son aiki, Zotero na aiki a can ma, sai dai ka fara a can ka ƙare a can, kuma yana buƙatar intanet.

9. Ajiya

Mu a Jos mun ga gobarar da ta tashi a ɗakin karatu na jami'a da ke Naraguta a Oktoban 2016, mun san abin da ake nufi da ilimi ya kasance kwafi ɗaya. Kwamfuta ma ana sacewa, wuta na dawowa da ƙarfi ta ƙona ta. Duk mako ka rufe Zotero, ka kwafi foldarta gaba ɗaya zuwa filash. Sunanta Zotero, tana cikin foldar mai kwamfutar. Amma kada ka mayar da ainihin foldar cikin Google Drive ko Dropbox ta riƙa aiki daga can, hakan na lalata rumbun. Maƙalar da kake rubutawa kuwa, kullum ka tashi aiki ka tura wa kanka ta imel, da kwanan wata a sunan fayil ɗin.

10. Gyara da miƙawa

Bar rubutun ya kwana, sannan ka karanta shi da murya. Ɗauki kowace madogara ka koma shafin da ka ambata ka ga ko maganar tana nan. Idan makarantarku na amfani da Turnitin ko makamancinsa, ka sani kamanceceniyar lafazi yake aunawa. Kada ka bi jimla kana musanya kalmomi don adadin ya sauka. Inda ya nuna, rufe tushen ka sake faɗar abin daga fahimtarka, ka bar madogarar a wurinta.

Idan komai ya kammala, yi kwafin fayil ɗin. A kwafin ne kaɗai za ka danna Unlink Citations, domin ba a komawa bayansa. Na asalin ka adana shi da igiyarsa saboda gyaran da malam zai dawo da shi. Mai rubutu da Hausa, a wannan kwafin ne zai bi ya mayar da et al. zuwa "da wasu", da sauran gajerun kalmomin Ingilishi, yadda sashensu ya tsara. Sannan ka mayar da shi PDF kafin ka kai shago, don kada shafuka su goce ko ƙugiyoyi su koma akwatuna a kwamfutar mai bugawa. Ka sa a fara buga maka shafi ɗaya mai ɓ da ɗ da ƙ ka duba, kafin a saki sauran.